'Ya'ya Biyar a Cikin Dutse

Ana gab da magariba Mijinyawa ya saɓa buhu ya nufi kwarin da ke bayan gonakin dawa na Doka. Ya ce wa matarsa Zulaiha wurin wani mai gona za shi. Ƙarya yake yi.

Ɓarin dutse ne a buhun. Kwana tara da suka wuce, yana haƙar yashi a kwarin, ya fasa wani falalen dutse. Sai ga ƙasusuwa kwance a ciki: 'yar dabba kamar jaɓa, da 'ya'ya biyar manne a cikinta. Maƙwabciyarsu Reem, malamar jami'a da yaƙi ya koro daga Khartoum, ta zo ta gani.

"Ya Mijinyawa, wannan tun zamanin dinaso take, manyan ƙadangarun nan da suka ƙare. Danginta kaf sun shuɗe. Shayarwa take, kamar mu. Don Allah kar ka taɓa."

Ya ce to. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Gadonsu na igiya ƙafa ɗaya ta gaza, ɓarin da ke ɗauke da 'ya'yan kuwa daidai da giɓin. Ya ɓamɓaro shi, ya bar uwar, ya cusa shi ƙarƙashin gadon da guduma.

Tun ranar, nonon Zulaiha ya cika da rana, magariba na yi ya zama fayau. Jaririyarsu Ilaf ta yi kuka har muryarta ta dushe, maɗigarta ta fara faɗawa. Jiya Zulaiha ta nuna masa tabbai a ƙirjinta, ƙanana kamar sukar allura. Ya kau da kai. Wallahi ya sani, kunya ce ta ɗaure masa baki.

Ya gangara kwarin. Gyare suka yi tsit.

Wata biyu ba a ga ruwa ba, amma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge shi. Sai ƙarnin nono.

Ya durƙusa, ya mayar da ɓarin gurbinsa.

"Ga su nan," ya raɗa. "Ki yafe mini."

Wani abu mai ɗumi ya gogi yatsunsa. Bai ga komai ba. Numfashi kawai yake ji, ƙanƙane, yana sunsunar dutsen.

Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Numfashin ya tsaya.

Sai a lokacin ya tuna. Gefen dutsen, inda ɗa na biyar yake, ya marmashe a ƙarƙashin guduma, Zulaiha ta share garin dutsen da safe.

Ƙananan farata suka hau hannunsa. Suka shige rigarsa.

Haƙora suka taɓa maƙogwaronsa.

Can daga gari ladan ya ɗaga murya. Mijinyawa ya zabura, ya ranta a na kare, takalminsa ɗaya ya bari a yashi.

Washegari nonon Zulaiha na dama ya dawo. Ilaf ta sha ta ƙoshi, ta yi barci. Na hagu kuwa har yau magariba na yi ya ƙafe.

Ran nan ya tarar da Zulaiha zaune a bakin gado, ta lanƙwasa hannun hagu kamar mai rungume da jariri. Ya buɗe baki zai yi ta'awizi.

"Yi shiru, Baban Ilaf," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Bar shi ya sha. Ko wane marar imani ne ya raba shi da uwarsa, shi da Allah."