Taya ta Biyar

Ƙarfe tara da kwata na safe wayar caji ofis ta yi ƙara. Wani direban tifa ne. Ya ce ya ga mutum kwance a hanyar ƙasa da ta bi ta bayan kamfanin fasa dutse, kekensa a cikin kwalbati, kuma ba ya motsi.

Sufeto ya ture shayinsa gefe, ya kira Saje suka fita.

An kwana ana ruwa, har lokacin hadari bai washe ba. Hanyar ta zama taɓo zalla, dole suka bar motarsu a bakin kwalta suka ƙarasa a ƙafa.

Dattijo ne, zai yi shekara saba'in. Yana kwance a gefen hanya, ya dunƙule kamar mai jin sanyi. An ɗaure fartanya da roba a bayan keken. Katin da ke aljihunsa ya nuna malamin firamare ne da ya yi ritaya.

Saje ya lulluɓe gawar. Sufeto ya tsuguna a kan sawun mota, ya daɗe bai ɗago ba.

"Miƙo min tef."

Ya auna. Sawu ɗaya mai faɗi ne, kusan inci goma sha ɗaya, da manyan haƙora irin na tayar laka. Na kusa da shi bai wuce inci takwas ba, zanensa ƙanana irin na tayar kwalta.

"Mota biyu ce ke nan, Yallaɓai?"

"Ɗaya ce. Tayoyi uku manya, ɗaya ƙarama. Dubi nan a kwana, babbar ta bi ta kan ƙaramar ta taka ta. Ta baya ce ke taka sawun ta gaba. Ƙaramar a gaba take, hannun dama."

Daga nan sawun ya zame ya nufi gefen hanya, ya tsaya. Sannan ya ja baya, ya juya, ya koma gari.

A asibiti, likitan da ya duba gawar ya cire safar hannu yana girgiza kai.

"Ba nan take ya rasu ba. Ƙugunsa ya karye, jini ya riƙa zuba ta ciki. An buge shi wajen ƙarfe shida, ya yi awa biyu da rai, ko ma fiye. Da an kawo mana shi..."

Matar marigayin na zaune a benci a waje, riƙe da tabarau.

"Ya manta shi a kan taga," ta ce. "Har na ɗauka zan bi shi, sai na ce ai gonar ba nisa, kafin azahar ya dawo." Ta dubi Sufeto. "Ɗana, gaya min gaskiya. Malam ya sha wuya?"

Sufeto ya gyara hularsa.

"Muna kan bincike, Inna. Allah ya jiƙansa."

Ta gyaɗa kai. Ta gane abin da bai faɗa ba.

Da rana suka shiga layin masu tayoyi. Duk mai facin da suka nuna wa hoton sawun, shago ɗaya yake nuna musu: na Dogo, a ƙarshen layi. Shi kaɗai ke kawo irin waɗannan.

Dogo ya kalli hoton, ya taɓe baki.

"Rabona da sayar da irin wannan tun bara, Yallaɓai."

"Tun bara?"

"Wallahi kasuwar ta mutu."

Saje, da ya zagaya baya, ya dawo yana gangaro wani wili mai sheƙi, ƙarfen da ake sa wa taya. Bakinsa ya lotsa, tayar da ke jikinsa ta yage a gefe, jar laka a cikin haƙoranta ba ta ko bushe ba.

"Wannan lakar ma ta bara ce?" in ji Sufeto.

Dogo ya zauna a kan tulin tayoyi, ya share goshi.

"Cewa aka yi in gyara, in yi shiru. Na Injiniya ne, mai kamfanin haƙa rijiyar burtsatse. Direbansa ne ya kawo shi ɗazu, wani tsoho da ake kira Sannu-Sannu."

"Kai ka sayar masa?"

"Sati biyu da suka wuce. Amma na faɗa masa gaskiya, Allah shaida. Jif ɗinsa da wili inci goma sha shida ta zo. Ya ce yana son ta ƙara tsayi saboda hanyoyin daji. Na ce to, ka bar wilinka yadda yake, mu sa masa taya mai kauri, wadda gefenta ke da tsawo. Ita ce ke shanye dutse da rami, in ka shiga yashi ka rage mata iska ta baje. Ya ce a'a, ya ga wili inci ashirin a motar abokinsa, shi yake so."

"Mene ne aibinsa?"

"Wili ya girma, roba ta ragu. A gari kyakkyawa ne. A daji dutse ɗaya ya ishe shi, ga shi nan kana gani. Kuma taya in ta ƙara girma da nauyi, birki ba ya kama ta da wuri kamar da."

"Guda nawa ya saya?"

"Huɗu. Su ke gare ni. Na ce ya jira sati biyu in kawo na biyar saboda safaya, ya ce ba ya jira. Safayar da ke ƙarƙashin motar tsohuwa ce, ta fi sababbin gajarta da kusan inci uku. Baba Sannu-Sannu har roƙonsa ya yi a nan gabana. Injiniya ya yi dariya ya ce, Baba, kai har yanzu a zamanin mahaifina kake."

Harabar kamfanin cike take da bututu da injinan haƙa. A can ƙuryar rumfa jif ɗin ke tsaye an rufe ta da tamfol. Da Saje ya yaye, sai ga ta an wanke ta tas, bambar gaba ta lotsa ta dama. An cire safayar an jingine ta da bango, gaban motar na kan jak.

Injiniya ya fito daga ofis. Bai wuce shekara arba'in ba, fari tas da tufafinsa, hannunsa na dama a aljihu.

"Ni tun bakwai ina ofis. Sakatariyata za ta shaida."

"Kafin bakwai fa?"

"Ina gida. Motar a hannun direba take."

Wani tsoho ya taso daga inda yake zaune a kan bututu. Siriri ne, gemunsa fari, ya miƙo hannayensa biyu tun ba a tambaye shi ba.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ni na buge shi. Gudu nake yi."

Sufeto ya dube shi.

"Me ya sa ake ce maka Sannu-Sannu?"

Wani ma'aikaci ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

Sufeto ya juya safayar. Wilin ƙarfe ne baƙi. Ramukan noti sun cinye, sun yi tsawo kamar ƙwai, ƙarfen wurin na sheƙi sabo. Ya shafa da yatsa, ya ce a kai motar da tsohon caji ofis.

Washegari da safe aka fito da Sannu-Sannu harabar ofis. Ana yayyafi. An mayar wa jif ɗin lotsattsen wilinta a gaba, safayar na ƙasa.

"Baba, ba na son dogon rubutu," in ji Sufeto. "Nuna min yadda ka canza tayar jiya, shi ke nan."

Tsohon ya naɗe hannun riga. Ya sa dutse a ƙarƙashin taya, ya ɗauki jak ya nufi bayan motar. Ya cire babbar tayar baya, ya kawo ta gaba. Sannan ya buɗe ƙofar direba, ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya ciro wata tsohuwar safa da aka ƙulle bakinta. Ya zazzage notuna shida a tafinsa, ya ɗaura safayar a baya da su.

Yana ɗaure na ƙarshe hannunsa ya tsaya.

"Me ya sa ka kai ƙaramar baya?" Sufeto ya tambaya a hankali.

Tsohon ya kalli sifanar da ya gama ɗaure notin da ita.

Sufeto ya ci gaba: "Ni zan faɗa. Saboda ƙarama a gaba tana jan sitiyari, in ka taka birki a laka mota ta kwashe. Notunan cikin safa fa?"

"Na tsohon wili ne," tsohon ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na sabon ba sa zama a kan na ƙarfe. Sai ya yi ta rawa."

"Wanda ya canza taya jiya a gaba ya sa ta, da notunan sabon wili. Shi ya sa ramukan suka cinye. Bai san akwai safa a ƙarƙashin kujera ba. Shekara nawa kana tuƙi, Baba?"

"Arba'in da uku."

"Hannunka ya ƙi yi maka ƙarya."

Tsohon ya zauna a ƙasa cikin ruwa, sifana a cinyarsa.

"Mahaifin Injiniya na yi wa tuƙi shekara talatin. Yaron nan ni na riƙa kai shi makaranta, a kafaɗata yake barci. Ranar da uban zai cika ya kama hannuna ya ce in kula masa da shi. Ni na tsufa, ranka ya daɗe. Shi yana da 'ya'ya ƙanana. Wanda ya mutu ya riga ya mutu, tsautsayi ne, ko wa aka ɗaure ba zai dawo ba."

"Me ya gaya maka game da mutumin?"

"Ya ce nan take ya cika. Ya ce ya taɓa shi babu numfashi."

Sufeto ya ciro takardar likita daga fayil, ya tsuguna kusa da shi ya karanta masa a hankali, har zuwa inda aka rubuta awa biyu.

Tsohon ya ce a maimaita. Aka maimaita.

Bai yi kuka ba. Ya dai ajiye sifanar a ƙasa kamar ta yi masa nauyi.

"Daga wurin zuwa asibiti minti ashirin ne," ya ce. "Ko a tuƙina."

Ƙarfe sha ɗaya Injiniya ya iso da kansa, wai ya zo belin direbansa. Aka shigar da shi ofishin Sufeto. Sannu-Sannu na zaune a kujerar gefe, tufafinsa a jiƙe.

"Baba, kada ka damu, na yi magana da lauya," in ji Injiniya.

Tsohon bai ɗago ba.

"Ciro hannunka daga aljihu," in ji Sufeto.

"Don me?"

"Jiya ma a aljihu yake."

Ya ciro a hankali. Tafin ya yi bororo biyu sun fashe, farcen babban yatsa ya tsage.

"Aikin ofis ne ya yi maka haka?"

"Ƙofa ce ta datse ni."

Sufeto ya ɗora safar notuna a kan tebur, ya bayyana masa abin da ya faru a haraba, bai ɗaga murya ba. Ya ƙara da cewa maigadin gidan Injiniyan ya ga fitarsa shi kaɗai ƙarfe biyar da rabi.

Injiniya ya juya wajen tsohon.

"Baba, gaya musu."

"Yana numfashi?" tsohon ya tambaya. "Lokacin da ka sauko, yana numfashi?"

Ruwa ya ci gaba da dukan kwanon rufi.

Injiniya ya dafe kansa da hannu biyu.

"So nake in gwada tayoyin a laka da kaina, shi ya sa ban kira ka ba. Dutse ya fasa ta gaba. Na sa safaya, na makara, ma'aikata na jirana, sai na taka mota. Na hango shi daga nesa. Na taka birki, ta ƙi tsayawa, ta kwashe ta yi kansa."

"Ka sauko?" in ji Sufeto.

"Na sauko. Idonsa a buɗe. Ya ce min, ɗana, ɗaga ni. Na ce masa bari in kawo taimako. Wallahi da niyyar dawowa na tafi. Na zo mahaɗar asibiti, na ga ƙofar, ƙafata ta ƙi taka birki. Na ce wani zai wuce ya gan shi."

"Ba wanda ya wuce sai bayan tara."

Saje ya gama rubutu, ya juya masa takardar. Injiniya ya sa hannu. Da aka sa masa ankwa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, don Allah ka je gida ka gaya wa matata. Kai za ka san yadda za ka faɗa mata."

Sannu-Sannu ya ɗago ya dube shi a karon farko tun shigowarsa.

"Na daɗe ina ɗaukar maka kaya, yaro. Wannan ka ɗauka da kanka."

Saje ya kama Injiniya a damtse suka bi dogon barandar zuwa sel. Sufeto ya jawo sabuwar takarda ya ajiye a gaban tsohon, domin shi ma akwai bayanin ƙarya da zai amsa. Ya miƙa masa biro, sannan ya tashi ya rufe taga, ruwa ya fara shigowa.