Ku Nemi Sauran Littafin

Noreen Kasprzak tana tsaye a ɗakin wanki na gidan kula da tsofaffi a Toledo, zafin injin busar da kaya yana dukan fuskarta, sai saƙo ya shigo wayarta. Daga New York ne, daga Madam Sayles, wakiliyar marubuta da ke kai littattafai gun masu bugawa, matar da Noreen ta ɗora wa duk fatanta. Nan take ta buɗe... "Wannan wasiƙa da babi ukun nan sun riga sun zo mini da sunan wata. Ba na hulɗa da masu satar aikin mutane, kuma zan sanar da abokan sana'ata."

Ɓarauniya! Ita? Ta zube kan tulin zannuwan gado ta fashe da kuka. Littafin nan fa labarin mijinta Wendell ne, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jiragen ruwa masu dakon ƙarfe a babban tafkin yankin, ciwon huhu ya zo ya cinye shi a gabanta. Tun da aka binne shi take rubutawa a teburin kicin, kofin kofinsa na ajiye kusa da ita. Kuma mutum ɗaya tak ta taɓa nuna wa wasiƙar neman wakili da babi ukun farko da ake haɗawa da ita: Patrice, ƙanwar Wendell, wadda ta ce za ta gyara mata kurakurai.

Daga ranar ƙofofi suka rufe. Duk wakilin da ta rubuta wa, shiru. Ranar Lahadi ta je gidan surukarta cin abinci kamar kullum, ta tarar Patrice ta riga ta shirya labari.

"Ga marubuciyarmu nan!" in ji Patrice, tana zuba dankali. "Mama, kin ji wai littafina ta kwafa ta aika? Wayyo, mai wankin zannuwa da alƙalami!"

"Patrice, ki ji tsoron Allah..."

"Ya isa!" tsohuwar ta daki tebur. "Kin ci ƙuruciyar ɗana, yanzu za ki ci gumin 'yata? Ɗauki kwanonki ki fita!"

Noreen ta fita da gasasshen naman da ta kawo, yana huce mata a hannu. A mota ta kifa kai a sitiyari. "Ya Ubangiji, Kai ka ga daren da na kwana ina juya bawan nan naKa a gado. Ban roƙe Ka suna ba, amma kada Ka bari a raba ni da shi sau biyu!"

Ba a jima ba sai ga Patrice a ƙofarta da kek ɗin tuffa, tana murmushi.

"Matar Yaya, mu bar faɗan nan haka. Madam Sayles ɗin nan ta matsa mini, wai in turo cikakken littafi. Na gaji da ce mata ina gogewa. Ba ni sauran kawai, zan sa sunanki a shafin godiya, da manyan baƙaƙe ma!"

Noreen ta tsaya tana kallonta. Ashe! Ko ɗan koyo ya san ba a aika wasiƙa sai littafi ya kammala, amma Patrice zumuɗi ya sa ta aika da babi uku kacal a hannu.

"Shafin godiya?" Noreen ta share hawaye da bayan hannu. "Tafi da kek ɗinki, Patrice. Ko waƙafi ɗaya ba za ki ƙara samu ba!"

Kowa ya ce mata ba a mayar wa wakili martani in ya ƙi ka, rashin kunya ne. Noreen ta ce an riga an kira ta ɓarauniya, me ya rage? Ta zauna ta rubuta: "Madam, ban iya daɗin baki ba. Kin yanke mini hukunci ba ki ji ni ba. Ki nemi sauran littafin daga gare mu duka biyun, yau ɗin nan. Nawa ga shi."

Madam Sayles kuwa ta nema. Patrice ta haɗa 'yan shafuka cikin gaggawa, a ƙarshen labarinta ta nutsar da jirgi da Wendell a ciki, don ita ba ta taɓa leƙa asibitin ta ga yadda ya tafi ba. A littafin Noreen, mutumin ya cika ne a gado kusa da taga, yana tambaya ko ƙanƙarar da ta rufe tafki ta narke, jirage su koma aiki.

A ɗakin wankin nan dai waya ta sake ƙara.

"Madam Kasprzak? Sayles ce. Na zalunce ki... Na yi kuka a babi na ƙarshe har na kasa zuwa ofis. Na gaya wa duk wanda na ɓata ki a gunsa gaskiyar magana, ita Patrice kuma ba mai sake buɗe saƙonta. Za ki yarda in wakilce ki?"

"Zan yarda," in ji Noreen. "Amma ba za a nutsar mini da miji don littafi ya sayu ba."

Gaskiya ta riga ta isa gidan surukarta, ranar Lahadi kujerar Patrice ba kowa. Tsohuwar ce da kanta ta tako har ƙofar Noreen da sandarta, ido jawur.

"'Yata... ki yafe mini. Karanta mini inda aka ce yarona ya yi maganar ƙanƙara."

Noreen ta ja mata kujerar Wendell, ta buɗe babi na ƙarshe.