Sunan 'Yar Fari

Da hantsi aka shigo da ita ofishin 'yan sanda na Dutse, mai gadin wata hukumar ɗaukar ma'aikata na janye da jakarta kamar ya kama ɓarawon akuya. Laifinta, wai ta je karɓar takardar kama aikin ungozoma da sunan wata.

Sufeto Uwaisu ya dube ta. Doguwa ce siririya, idonta ya yi ja amma ba ta kuka.

"Ya sunanki?"

"Mahbuba Idirisu, daga Buji."

"To sunan wa kika ara?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Ni na ci jarrabawar. Na ɗora yatsa, na'ura ta ce ba ni ba ce."

Sufeto ya sha ganin ɓarayi iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda aka kama da laifin satar kansa ba. Ga DPO ya riga ya yanke: gobe a kai ta kotu. In alƙali ya same ta da laifi, ba aikin nan kaɗai ba, har lasisinta ya tafi.

A hukumar ya tarar da Malam Misbahu, jami'in ɗaukar ma'aikata, yana shan iskar fanka.

"Sufeto, ai magana ta ƙare. Manhajar nan ta basirar na'ura ita ke tace masu nema, ita ke duba yatsa, ita ke kiran iyaye ta tabbatar. Mahbuba ta gaskiya ta karɓi takardarta tun makon jiya. Na'ura ba ta ƙarya."

"Ba ni lambar da ta kira."

"Sirri ne, yana wajen kamfani."

"Kira kamfanin."

"Sai dai a tura musu saƙo, manhajar ce ke amsawa."

Ran Sufeto ya ɓaci. Da can in takarda ta ɓace akwai magatakardan da za ka tsare da ido har ya yi gumi. Yanzu wa za ka tsare? Da ƙyar Misbahu ya yarda ya kunna masa muryar da aka naɗa. Wata tsohuwa ta yi magana tiryan-tiryan: "Ni ce Indo. Mahbuba 'yata ce, 'yar farina ce Mahbuba."

Sufeto ya naɗi muryar a wayarsa, ya hau babur ya nufi Buji.

Ya sami Inna Indo a rugarsu tana wanke ƙwaryar nono. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, ya sunan 'yarki da ta yi karatun ungozoma?"

Ta sunkuyar da kai. "Yarinyar nan?"

"Ita. Sunanta nake so."

"Tambayi ƙannenta."

"Inna, tana tsare fa. Gobe kotu."

Ta ci gaba da wanke ƙwaryarta. Sufeto ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Shi ma ɗan fari ne. Har mahaifiyarsa ta koma ga Allah, "wannan yaron" take ce masa. Ya ji kunyar kansa, ya ji haushin yadda ya saurari muryar nan a ofis bai tsargu ba. Wace uwar ce a ruga za ta ambaci sunan 'yar fari sau biyu a numfashi ɗaya, har tana tallar cewa ta fari ce?

"An taɓa kiranki a waya kan aikinta?"

"Ba wanda ya kira ni."

"A ina ta yi rajista?"

"Wajen Kamilu mai kwamfuta, a Takur. Ranar ma da ƙunshinta ta tafi, washegarin bikin 'yar kawunta."

Shagon Kamilu cike yake da masu neman aiki, kowa ya miƙa masa takardunsa da lambar sirrinsa, don ga mutanen ƙauye shi ne ƙofar gwamnati. Sufeto ya sallame su, ya ja kujera.

"Kai ka ɗauki yatsan Mahbuba?"

"Ni ne, yallaɓai. Lafiya lau ya shiga."

Sufeto ya nuna bango da haɓa. Da hannun Kamilu aka rubuta: MAI LALLE TA DAWO IN YA GOGE.

"Da ƙunshi ta zo. Yaya aka yi na'urarka ta karɓe ta?"

"Wataƙila ya ɗan kwana biyu..."

"Ana gobe za ta zo aka ɗaura shi." Sufeto ya kunna muryar tsohuwar. "Wannan fa?"

"Ai uwarta ce."

"Uwarta na gani ɗazu. Na ce mata 'yarta za ta kotu, ta kasa faɗin sunan. Buɗe wayarka."

Kamilu ya yi jinkiri, sannan ya buɗe. Ga manhajar sauya murya, ga muryar tsohuwar a ciki.

"Ƙanwata Afra'u ce, yallaɓai. Sau uku manhajar tana watsar da ita, ba wanda ya gaya mana dalili. Da yatsan Mahbuba ya ƙi shiga, na ce ta tafi zan gyara. Na sa na Afra'u da hotonta, na sa lambata a gurbin uwa. Na ɗauka 'yar ruga ba za ta bi sawu ba."

Sufeto ya sa masa ankwa, ya aika a ɗauko Afra'u.

Washegari ya tara su a ofishin Misbahu, har da Inna Indo, yana zaton an gama. Ina! Misbahu ya karanta bayanin Kamilu, ya sosa ƙeya.

"Na yarda, Sufeto. Amma manhajar ba za ta buɗe gurbin ba sai ta kira uwar ta ji sunan daga bakinta. Yau kuma ake rufewa."

"Ga uwar a gabanka! Ga mai laifi da ankwa!"

"Ni ba ni da maɓallin."

Sufeto ya rasa wanda zai zaga. Misbahu ya karɓi lambar Inna ya shigar a gurbin uwa. Wayarta ta yi ƙara a ƙullin zaninta. Wata murya mai sanyi ta ce, "Faɗi sunan 'yarki."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa 'yarta baya.

"Mahbuba," ta ce a hankali.

Allon kwamfuta ya yi kore. Mahbuba, wadda ko a ɗakin tsaro ba ta yi hawaye ba, ta durƙusa ta fashe da kuka. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba.

Sufeto bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. Ya kama hannun Kamilu ya ce, "Mu je. Wannan ma a wuyanka yake."