Ruwan Gonar Malam Datti

Barira na zaune a tsakar gida tana yanka tumatir tana shanyawa, hannu na aiki, zuciya kuwa ta gaji liƙis. Tun tarzomar da aka yi a birni, gidan mahaifinta Malam Datti bai sake jin dariya ba. Yayanta Musbahu ne ya bi wasu masu wa'azi da ke tsine wa mai agogo da mai keke, suna kashe duk wanda ba nasu ba, kuma yana cikinsu aka kashe shi a tarzomar. Abin da ya fi ciwo, cikin waɗanda mutanen suka yanka har da Sammani, da ya kai tumatir kasuwa. Shi kuwa ƙanin Garzali ne, saurayin da aka sa musu rana da Barira.

Maganar aure ta tsaya cak. Baffannin Garzali suka rantse ba za su haɗa jini da gidan 'yan ta'adda ba. Suka toshe kanal ɗin ban-ruwa da ke bi ta gonarsu ya kai ruwa gonar Malam Datti, alkamarsa ta fara yaushi. Tsohon bai kai ƙara ba, ya ce da wane ido zai kalli mutane.

Da Garzali ya zo zance, duk ya rame. Barira ta roƙe shi ya haƙura da ita, hawayenta sun ƙare.

"Sori Barira, ba zan iya ba," in ji shi. "Ni aka kashe wa ƙani, kuma ban ga hannunki a ciki ba."

Ya koma ya faɗa wa mahaifinsa Malam Dalhatu, mai Islamiyyar garin, zancen ruwan da aka ɓoye masa. Malam, wanda tun rasuwar bai leƙa gona ba, ya ɗauki fartanya da safe ya nufi kanal. Ƙannensa suka sha gabansa.

"Haba Yaya! Jinin Sammani fa?"

"Ni na haife shi, ni na sallace shi," Malam ya ce. "Waɗanda suka kashe shi ba su tambayi laifinsa ba. Ku kun tambayi laifin Datti? Allah bai ɗora wa wani rai zunubin wani ba. In na bar alkamar nan ta mutu, karatun makasan na ɗauka."

Ya sa fartanya ya ture ƙasar, ruwa ya gangara. Ya ce ranar aure kuma tana nan yadda aka sa ta.

Bayan girbi aka ɗaura aure, babu kiɗa babu guɗa. Barira ta ci ribar haƙurinta, gari kuma ya gane cewa ta'addanci shi ne hukunta wanda bai ji ba bai gani ba, ko da wuƙa ko da ruwan gona. Iyayen nan biyu, kowanne ya rasa ɗa, tabarma ɗaya suka zauna aka shafa fatiha.