Jirgin da Ba Ya Cika

A wata makaranta kusa da Warra aka sa gasar kwana biyu. Malama Yasira ta ce kowane ɗalibai biyu su haɗa wasan waya a kan yadda ake zuwa makaranta.

Akwai wata yarinya gwanar kwamfuta, amma fa ba ta jin shawara ko kaɗan. Aka haɗa ta da Illo. Babansa ne ke ƙetarar da ɗalibai a jirgin ruwa kullum safe.

Yarinyar ta zana jirgi. Duk fasinjan da ka ƙara, sai ka sami maki goma. Jirgin kuwa ba ya nutsewa. Rigar ruwa ma, mai hana mutum nutsewa, ta cire, wai tana ɓata hoto. Ka ji fa!

Illo ya leƙa, ransa ya ɓaci.

"Mi ne ne wannan? Mutum arba'in a jirgin mutum sha biyu?"

"Wasa ne fa," in ji ta. "Haka ya fi daɗi."

"To, ba da ni ba!" Ya tashi ya bar ta.

Da ta koma gida, ta sa wasan a wayar Inna. Ƙanwarta Hawwa, 'yar shekara shida, ta yi ta bugawa tana dariya.

Washegari Inna ta rako su bakin ruwa. Jirgi ya cika. Baban Illo ya ce saura su jira sawu na biyu.

Sai Hawwa ta yar da rigar ruwanta, ta ruga ta ɗafe gefen jirgin.

"A ƙara ni! Jirgi ba ya cika!"

Jirgin ya karkata. Tsundum! Hawwa ta faɗa ruwa. Allah ya taimaka, Baban Illo ya cafko hannunta.

Inna ta rungume ta.

"Wa ya gaya miki jirgi ba ya cika?"

"A wasan Yaya na gani."

Inna ta juyo a fusace. "Ke! Da iliminki za ki kashe mini ɗiya? Kullum ruwan nan kike bi, amma ki koya wa yara ƙarya?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Kunya da tsoro suka kama ta.

A makaranta ta nemi Illo. "Ka yi haƙuri. Kai ke da gaskiya."

Suka gyara wasan tare. Yanzu in fasinja ya wuce sha biyu, jirgi ba ya motsi. Wanda bai sa rigar ruwa ba, ba ya shiga.

Alƙalan gasa suka ba su na biyu. Malama Yasira ta ce duk 'yan firamare su buga wasan. Baban Illo ya fi kowa murna.

Malamar ta dafa kafaɗar yarinyar, ta ce, "Ki riƙa jin shawara. Kuma ko a wasa, kada ki koyar da abin da zai cuci wani. Ƙanana suna kwaikwayon duk abin da suka gani."