Gadon da Bai Shiga Karaban Ba

"To ina ɗakin?"

Gwaggo Hansai ce ta yi tambayar, tef ɗin awo a hannunta, tana waige-waige a filin ajiye motoci da ke bayan kasuwar kayan gwari ta Aziziya, a birnin Riyadh.

Ghali ya nuna da hannu yana murmushi.

"Ga shi nan, Gwaggo."

Na sunkuyar da kai.

Abin da ya nuna wata doguwar tsohuwar mota ce, fara da rana ta mayar ruwan madara, da tagogi masu labule da tsani a bayanta. Karaban Larabawa ke ce mata, mota mai ɗaki da kicin da bayi a cikinta.

Ba a zuwa da amarya awon ɗaki, amma na nace sai da Gwaggo ta taho da ni, don na san abin da za ta tarar. Ni na san da maganar karaban tun ranar da aka saye ta. Tsoro ne ya hana ni faɗa a gida.

"Ghali, wasa kake yi da ni ko?"

"Wallahi ba wasa ba ne. Bismillah, ki shigo ki gani."

Ya hau ya tayar da injin. Motar ta yi tari sau biyu, ta feso baƙin hayaƙin dizal, har Gwaggo ta ja mayafi ta toshe hanci. Shi kuwa ko a jikinsa, sai bayani yake zubawa: injin nan ya duba shi da kansa, ya sake tayoyi, ya hau rufi ya liƙe duk inda ke yoyo. Ga janareta, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga tankin ruwa a ƙarƙashin gado.

Yadda idonsa ke ƙyalli ya sa na ji kamar in yi kuka.

Ghali direban gida ne a wajen wani Balarabe. Da ya zo neman aurena, Abba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ke kwana da gwauraye shida a ɗaki ɗaya a unguwar Manfuha ba, sai ya samo muhalli. Kama shuƙƙa, wato gidan haya na iyali, kuwa ya fi ƙarfin albashinsa. Sai ya ci karo da karaban ɗin nan a haraj, kasuwar tsofaffin motoci, wani tsohon Bature mai komawa ƙasarsu yana neman rabuwa da ita. Kafil ɗinsa ma, wato Balaraben da yake yi wa aiki, ya yarje masa ya ajiye ta a gonarsa da ke bayan gari.

A waya ya ce min, "Hibba, babu mai gidan hayar da zai ƙara ɗaga mana murya. Ranar da zaman Saudiyya ya ƙare, mu sa ta a jirgin ruwa zuwa Sudan, mu ratsa Chadi, in tuƙa ki har ƙofar gidanmu a Kano, kina kwance a kan gadonki!"

Na yi ta dariya. A Riyadh aka haife ni, ban taɓa zama gidan da yake namu ba. Shi ya sa maganar ta shige ni.

Abu ɗaya muka manta, ni da shi.

Gadon Umma.

Gwaggo ta shiga ta taɓa gadon motar, ta ji a ɗaure yake da ƙusa. Ta ja teburin, bai motsa ba. Ta buɗe durowa ta rufe.

"Wa ya yi wannan jeren?"

"Haka kamfani ya ƙera ta, Gwaggo. Ba sai kun wahala da komai ba."

"Ba sai mun wahala ba?" Ta juyo gaba ɗaya. "Yarinya ta shiga ɗakin miji ba gadonta, ba kujerarta, ba ko kwanonta, kamar wadda aka tsinta a titi? Muhibba tana da gata, yaro!"

Ta ja tef ta auna ƙofar, ta auna faɗin motar, ta naɗe abinta.

"Mu tafi."

Umma ta yi shekaru tana yi wa matan Larabawa ƙunshi kafin ta sayi gadon nan. Fuskarsa katako ɗaya ce mai sassaƙa, ba ta rabuwa, ta fi ni tsawo idan an tsayar da ita. Ta saye shi shekara ɗaya kafin ta rasu, ta naɗe shi a leda ta ce na ɗakin Muhibba ne. Tun daga ranar Abba bai bari ko ƙura ta zauna a kansa ba.

Da yamma Abba ya kira Ghali. Ina bayan labule ina ji. Akwai baƙi a falon, har da Najib, ɗan aminin Abba, injiniya mai shuƙƙa a unguwar Ulaisha, wanda ya daɗe yana nemana ina zillewa.

Abba ya ce, "Na ce ka samo gida, ka samo mota."

"Abba, gida ne. Ina rantsuwa Muhibba ba za ta wulaƙanta ba."

"To shi ke nan. Ranar da gadon uwarta ya shiga motar nan, ka zo a ɗaura. Na ba ka zuwa ƙarshen Muharram."

Mutanen falon suka kwashe da dariya, don kowa ya san gatse ne.

Ghali bai yi dariya ba.

"Na karɓa, Abba."

Da ya kira ni na rufe shi da faɗa.

"Kana da hankali kuwa? Korarka ya yi cikin ladabi!"

"Ai a gaban shaidu ya faɗa."

"Ƙofar ba ta kai ba, Ghali! Gwaggo ta ce ko an karkata fuskar gadon babu inda za ta juya a ciki."

"Sai in faɗaɗa ƙofar."

"Ka yanka motar da ka zuba komai naka a kanta?"

"Habibti... me zan yi da ita idan ba ke a ciki?"

Hawaye suka zubo min. 

Ya fara aiki. Ya cire gadon kamfani, ya matsar da tankin ruwa, ya sake bin wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya. Kullum sai ya turo min hoto, hannunsa duk baƙin mai. Saura yankan bango, wanda ke buƙatar injin yanka ƙarfe da walda.

Najib ne ya samo masa gareji.

"Kin ga mutumin kirki," in ji Ghali. "Ya haɗa ni da wani Basudane a unguwar makanikai. Zan riƙa taya shi aiki ranar Juma'a da Asabar, shi kuma ya ba ni kayan aiki da wuri."

"Ghali, a iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, direban gida aka rubuta. Ba ka ji ana kama duk wanda ke aiki a wajen da ba na kafil ɗinsa ba? Wa'adin da gwamnati ta bayar na gyara takardu ya kusa cika."

"Sati uku ne kawai."

"Ban yarda da Najib ba."

"Ke dai ba ki yarda da kowa ba, Hibbata."

Shekarar 2013 ce. Muharram na kamawa aka fara kame, Manfuha ta hargitse, shaguna a rufe, mutane na ɓuya a ɗaki. Ranar Asabar ta biyu na kira Ghali, waya a kashe.

Lahadi a kashe.

Sati guda a kashe.

Na daina cin abinci. Na roƙi Abba ya bincika, ya ce shi ba ya bin sawun wanda ya gudu. Najib ya zo gaishe shi, ya ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki.

"Na ji an ce ya sayar da motar ya wuce Jidda, Abba. Ya ga abin ba mai yiwuwa ba ne."

Na fito ba ko sallama.

"Ƙarya ne!"

"Muhibba!" Abba ya daka min tsawa.

"To ki kira shi mana," in ji Najib a hankali.

Na kira a gabansu. A kashe.

Muharram ya ƙare, Safar ya bi bayansa. Zuciyata ta gaji da kare mutumin da bai turo ko kalma ɗaya ba. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba: fushi ya ci ni. Na ce ashe duk daɗin bakin nan, da ya ga wuya sai ya zame. Ranar da Abba ya sake yi min maganar Najib, ban jira ya gama ba na ce na amince.

Ranar jere Gwaggo ta dawo tana guɗa. Ta ce ƙofar Ulaisha ko gogar gadon ba ta yi ba.

Sati uku da tarewata, da hantsi, wata lambar Najeriya ta shigo wayata.

"Hibba..."

Na zame na zauna a ƙasa.

"Ghali? Kana ina?!"

"Kano. Shekaranjiya aka sauke mu. A garejin aka kama ni, aka karɓe waya, na yi wata biyu da wani abu a tarhil kafin a samo mana jirgi."

Tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a kora. Ni ina nan ina zaginsa a raina, shi yana can a kwance a kan siminti.

"An ɗauki hoton yatsuna, ba zan iya dawowa ba. Amma ki saurare ni, habibti, na gama! Ranar da suka zo fenti kawai nake shafawa. Ki ce wa Abba ya aika a auna. Makullin na wajen Basudanen. In an ɗaura, ko ta Sudan ne sai a turo..."

"Ghali."

"Na'am?"

"An ɗaura."



"Da wa?"

Kafin in buɗe baki, ya ba kansa amsa.

"Mutum ɗaya ne ya san ranakun da nake zuwa garejin nan, ban da ke."

"Ka yafe min... don Allah ka yafe min..."

"Gadon ya shiga ɗakinsa?"

"Ya shiga."

"To alhamdu lillahi. Umma ta samu abin da take so." Ya ja numfashi. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Muhibba."

Bai taɓa kirana da cikakken sunana ba sai ranar.

Da Najib ya dawo cin abincin rana na tare shi a ƙofa na tambaye shi ko shi ne ya sa aka kama Ghali. Bai musa ba, bai kuma amsa ba. Ya ajiye makullin motarsa ya ce, "Khalas, Muhibba. Abin da ya wuce ya wuce."

Washegari na kira Gwaggo Hansai na ce ta raka ni unguwa, ta taho da tef ɗinta. Ta yi ta mita a tasi har muka isa.

Karaban ɗin na can ƙarshen garejin, tayar gaba ɗaya ta sace. Basudanen ya miƙo makulli.

Ƙaramar ƙofar nan babu ita. A wurinta akwai ƙofa mai ɓangare biyu, an yi mata walda tsaf, rabi da sabon fenti, rabi ƙarfe tsirara. Gwangwanin fentin na nan a ƙasa, burushin ya bushe a ciki.

Na buɗe. Ciki fayau, ya share komai. A ƙasa ya zana wurin gadon da alli, ya rubuta sunana a tsakiya.

"Ki auna, Gwaggo."

"Muhibba, me amfanin..."

"Ki auna!"

Ta ja tef ɗin daga wannan gefe zuwa wancan. Ta duba, ta sake aunawa. Sannan ta zauna a bakin ƙofar ta rufe fuska da mayafi.

"Zai shiga," ta ce. "Har da sauran wuri."