Shirun da Aka Sayar wa Mai Katifa

Da la'asar sakaliya Nuala Geraghty ta zame jiki daga gidan makoki, ta bar maƙwabta kewaye da gawar mahaifiyarta suna ta shayi da burodi. Watan Nuwamba ne, rana ba ta daɗewa a sama. Abu ɗaya ya fito da ita: da almuru za a karanta sunan tsohuwar, Bridie, a gidan rediyon garin, kuma ta yi mata alkawarin za a karanta shi yadda ya kamata.

Yadda ya kamata ɗin kuwa, kowa a Kilbrannagh ya san shi. Malachy Tuohy, wanda ya tsufa yana karanta sanarwar rasuwa, ba ya fara kiran suna sai ya tura tagar ɗakin watsa shiri ta buɗe, ko da ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Ya faɗi suna, ya faɗi unguwa, sai ya yi shiru. Dogon shiru, har ka ji kukan tsuntsayen teku ta cikin rediyonka. In an tambaye shi dalili sai ya ce ambaton suna kira ne, wanda ka kira kuwa zai zo, in ya zo dole ka ba shi hanyar wucewa.

A farkon shekara Malachy ya mutu, daidai lokacin da majalisar gunduma ta zaftare kuɗin da take ba tashar. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Sabon manaja, Fintan Lavelle, ya kwashi tsofaffin faya-fayan marigayin ya ba wani kamfani, suka koya wa na'ura muryarsa. Matar Malachy aka kai mata kwalin biskit da hoto a firam. Tagar aka buga mata ƙusoshi, aka liƙe ta da soso don kada ɗumi ya riƙa fita. Shirun kuma aka sayar wa wani mai shagon katifa. Yanzu da an faɗi sunan mamaci, kafin ka ce Allah ya ji ƙansa, wata yarinya ta faɗo da waƙar barci mai daɗi a farashi mai sauƙi. Nuala ce mai haɗa sauti a tashar, kuma tun daga ranar ba ta sake yarda almuru ya same ta a ginin ba, don ba ta iya jin shirin.

A wurin ajiye motoci ta tarar da Fintan, ya jingina da motarsa yana cin soyayyen dankali a takarda. Ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo mata hannun.

“Nuala, sannu da rashi. Ina nan zuwa gidan.”

Ta kalli hannun yana ƙyallin mai, ta bar nata a aljihu. “Yau kaɗai, Fintan. Ka cire tallar nan bayan sunanta.”

“Ai ba ni ke sa ta ba, na'ura ce. An jera komai tun safe.”

“Ita na'urar ita ta ɗauki kanta aiki?”

“Haba, ke ma kin san halin da ake ciki. Yanzu haka wurin kwamitin majalisa za ni, in je in yi musu rawa su ƙara mana na wata shekara. Mai talla ɗaya ya rage mana. Katifar nan da kike raina wa ita ke biya mana wuta.”

“Na san ka tun kana yawo da majina har baki. Bridie ce ke share maka ita a ƙofar coci.”

“Kuma ina ganin girmanta, zan sa a kai furanni.” Ya dunƙule takardar ya jefa ƙarƙashin mota. “Amma tsakani da Allah, Nuala, mamaci ba ya jin rediyo.”

Ya ja mota ya tafi. Ta tofar da yawu a inda ya tsaya, ta ciro makullinta.

Ta riga ta shirya abin da za ta yi. Za ta ɓalle tagar, ta jira sunan Bridie, ta danne tallar da hannunta. Matsalar ɗaya ce. Can kan dutse, a gindin eriya, akwai wani akwati da ma'aikata ke kira Mai Gadi. In ya ji tashar ta yi shiru fiye da kima, sai ya ɗauka wani abu ya lalace, ya sako talla da kansa, kuma daga nan ƙasa ba mai iya hana shi. Tsawon shirun Malachy shi ne iyakar haƙurin Mai Gadi. Shiru ɗaya gare ta, ba ƙari.

Ginin ba kowa, don an sallami masu aikin yamma tun tuni. Ta kunna fitilar farfajiya, fitilar ta yi ƙifce-ƙifce ta tsaya rabi.

Wari ne ya fara tarbar ta.

Da fari ta ɗauka madara aka manta a firij. Da ta ƙara gaba sai ya koma warin ruwan furen da ya kwana a kwalba har ya yi yauƙi. A ƙarƙashinsa akwai na jiƙaƙƙen ulu, da na ɗakin majinyaci da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta toshe hanci da gyalenta. Kafet ɗin yana cakal-cakal a ƙarƙashin takalminta, alhali ba inda ke yoyo.

Jar fitilar da ke kan ƙofar ɗakin watsa shiri ta kama. Muryar Malachy ta fito daga lasifikar bango, a hankali, da 'yar shaƙewar nan tasa.

“Ga sanarwar rasuwa ta yau.”

Ta leƙa ta gilashin ƙofa. Ya yi gumi daga ciki, kamar motar da aka cika da mutane aka rufe. Ta tura ƙofar.

Zafi ya buge ta, mai ɗanshi, irin na numfashi.

Ɗakin ɗan mitsitsi ne, mutum uku sun cika shi. Amma cike yake maƙil. Suna tsaitsaye a jikin bango, kafaɗa da kafaɗa, wasu a kan wasu, cikin kayan da aka binne su da su. Ta gane Dinny mai jirgin kamun kifi, wanda aka rufe tun kafin bikin Ista. Ta gane malamar da ta koya mata lissafi. Fuskokinsu sun yi laushi kamar burodin da ya sha ruwa. Dukansu inda tagar take suke kallo.

A kan kujerar Malachy kuwa akwai wani abu zaune.

Tsofaffi sun sha faɗa cewa kujerar da mutum ya bari ba ta daɗewa ba kowa, mutanen ɓoye na nan suna jira. Wannan ya cika kujerar har ya tumbatsa ta gefe. Fatarsa fara ce sol, tana naso. Ba shi da wuya. Ya rungume makirfo da leɓɓansa, soson makirfon ya jiƙe sharkaf, yawu na ɗiga kan tebur.

“Cathal Munnelly,” in ji shi da muryar Malachy, “na Bakin Gada.”

Ya tsotsi sunan kafin ya sake shi, har da lumshe ido. Waƙar katifa ta faɗo. A kusurwa aka ƙara matsawa, wani dogon tsoho ya bayyana a inda ba kowa ɗazu, yana waige-waige kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba.

Ta kau da fuska.

Wani ya taɓa hannun rigarta. Dinny ne. Yatsunsa sun bar mata danshi.

“'Yar Bridie,” ya ce cikin raɗa. “Taga.”

“Na sani.”

“Mun gaji da tsayuwa.”

Ta kutsa cikinsu. Jikinsu yana lotsawa in ta tura, ba ya dawowa. Ta kai bango, ta kafa farce a soson da aka liƙe tagar da shi. Ya ɓare a hannunta, baƙi ƙirin, da ƙananan fararen abubuwa suna motsi a ciki. Ta yarfe hannu. Ga katako, ga ƙusoshi, ba abin da zai motsa.

Wani suna. Waƙar katifa. Aka ƙara matsawa.

Ta san Bridie ce ta ƙarshe a jerin yau. Ta laluba bayan ƙofa ta sungumo tukunyar kashe gobara. Da ɗaya hannun ta kai ga tebur, dab da cikin abin, ta ja maɓallin talla ƙasa. Ta ɗaga tukunyar ta maka wa tagar.

Gilashi ya tarwatse. Iskar teku ta shigo, mai sanyi, mai gishiri.

Abin ya saki makirfo. Ya juyo ya dube ta. Ya daina karatu.

Suka fara fita. Ba gudu, ba turereniya. Suna wuce ta ɗaya-ɗaya, kowanne ya bar mata sanyi a kumatu. Malamar ta wuce. Dinny ya wuce. Tsuntsayen teku suna kuka a waje, kuma Nuala ta san duk garin na jin su.

Sai ta gane. Shirun yana tafiya. Shirun da ta tanadar wa Bridie ne ake ci.

“Karanta,” ta ce. “Saura ɗaya. Karanta mana.”

Abin ya yi murmushi. Sunan na cikin bakinsa, tana ganin yana juya shi a kunci kamar alewa.

“Don Allah.”

Ya jira. Yana sauraron wani abu can nesa, wajen dutse.

Ta buɗe baki za ta faɗi sunan da kanta, ta kai hannu ga makirfon. Ya riga ta.

“Bridie Geraghty,” ya ce da sauri, “ta Kan Tudu.”

Ko numfashi ɗaya ba a yi ba, Mai Gadi ya sako waƙar katifa, da ƙarfin da har lasifika ta yi ƙara.

Ga Bridie a kusurwa, cikin shuɗiyar rigar da Nuala ta sa mata da hannunta da safe. Ta taka zuwa taga, ta tsaya cak kamar wadda ta ci karo da bango. Ta sake gwadawa. Taga a buɗe, amma ba shiru, ba hanya.

“Mama.”

Tsohuwar ta juyo. “Nuala, wannan hayaniyar fa?”

Kujera ta yi ƙara. Abin ya jawo makirfo, ya lashi leɓe, idonsa a kanta.

“Nuala,” ya fara. “Nuala Gera...”

Ba ta tsaya jin ƙarshensa ba. Ta faɗa ta tagar da ka, gilashi ya tsage mata hannuwa da cinya, ta faɗi a kan jiƙaƙƙen tsakuwa. Ta toshe kunnuwa da tafukanta masu jini, ta yi ta gudu tana ihun duk abin da ya zo bakinta don kada ta ji. Sai a bakin gada ta tsaya.

Washegari aka binne Bridie. Furannin Fintan sun fi na kowa girma.

Bai kai ƙarar Nuala ba, ya ce a bar ta, baƙin ciki ne ya taɓa ta. Ya dai karɓe makullinta, ya canza kwaɗon ƙofa. Kwamiti ya ji tausayin tashar da aka yi wa ɓarna, ya ba da kuɗin gyara, aka toshe tagar da bulo. An ce ɗumin ɗakin ya ƙaru sosai.

Nuala ta roƙi limamin coci, ta roƙi 'yan majalisa, ta je gidan Fintan har sau ba adadi. Kowa sai ya ba ta shayi ya rako ta ƙofa. Yanzu ita da ba ta iya jin shirin, da almuru za ka same ta a kicin ta manna kunne a rediyo. Tsakanin sunan ƙarshe da waƙar katifa akwai wata 'yar tazara da ba ta kai ƙiftawar ido ba. A nan take jin muryar tsohuwar, can ƙasa-ƙasa, tana cewa an fara yawa, ƙafafunta sun gaji.

Da sabuwar shekara tashar ta fitar da jadawalinta. Sanarwar rasuwa ta fi kowane shiri masu sauraro, saboda haka mai katifa ya biya a riƙa maimaita ta da safe. Yanzu sau biyu Nuala ke jin mahaifiyarta a rana.